Shekarar da Aka Ƙara Wa Wani, Wa Aka Ɗebe Wa? Yadda Korona da Sauya Sheƙa Suka Juya Wasan Lakros a Jami'o'in Amurka

A ƙarshen watan Mayu na 2023, a birnin Philadelphia, jami'ar Notre Dame da ta Virginia suka tashi 12 da 12 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar lakros ta jami'o'in Amurka. Aka shiga ƙarin lokaci, wanda a wannan wasa duk wanda ya fara jefa ƙwallo a raga ya gama magana. Wanda ya jefa ta wani ɗan tsakiya ne mai suna Brian Tevlin. Bayan kwana biyu Notre Dame ta doke Duke da ci 13 da 9, ta ɗaga kofin ƙasa karo na farko a tarihinta.

Abin da ya tsaya mini a rai game da Tevlin shi ne wannan ba kofinsa na farko ba ne. Ya riga ya ɗauki irinsa tun 2018 da jami'ar Yale, yana ɗan aji ɗaya. Ƙidaya shekarun da kanka: 2018 zuwa 2023, kaka shida ke nan, alhali dokar da aka sani ta ce kaka huɗu ɗalibi zai buga ya ba wani wuri. Bai yi maguɗi ba, bai karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Dokar ce ta sassauta, kuma sassaucin nata ya taɓa kowa, har yaron da ke sakandare a lokacin wanda bai san ana yi ba.

Tun da ba wasan da muka saba gani ba ne, bari in fara da shi kansa. Lakros wasan 'yan asalin Arewacin Amurka ne, musamman al'ummar Haudenosaunee, tun kafin Turawa su taka ƙasar. Faransawa ne suka laƙaba masa sunan da ya bi shi, wani likitan haƙori ɗan Montreal mai suna William George Beers kuma ya tsara masa dokoki a 1867. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sanda mai 'yar raga a bakinta, da ita yake cafe ƙaramar ƙwallon roba, ya yi gudu da ita, ya miƙa wa abokinsa ko ya harba. A wasan maza mutum goma ne kowane ɓangare: mai tsaron gida, 'yan baya uku, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba uku. A na mata sha biyu ne. Ana canjin 'yan wasa ana cikin gudu ba tare da an tsayar da wasa ba, amma duk da haka waɗanda ke samun taka fili da gaske a babban wasa da wuya su wuce ashirin da 'yan kai. Tawagar maza kuwa takan kai mutum 45 zuwa 50, wani wuri har ta zarce. Riƙe wannan lissafin, don duk maganar a kansa take: kusan rabin tawaga dama a benci suke wuni.

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i ita ce NCAA. Dokarta ta asali mai sauƙi ce. Daga ranar da ka fara karatu cikakke a jami'a, agogo ya fara bugawa: kana da shekara biyar, a cikinsu za ka buga kaka huɗu. Shekara ɗayan da ta yi saura ta ko-ta-kwana ce, ko don rauni, ko don koci ya ga ba ka nuna ba tukuna ya ajiye ka kana atisaye kawai. Wannan ajiyar ita suke ce wa jar riga. Saboda haka tawaga kamar bututu take. Kowace shekara mutum goma sha wani abu su fita ta gaba, irin adadinsu su shigo ta baya, kowa ya matsa taki ɗaya. Yaron da ya shigo ya san idan ya yi haƙuri shekara biyu, wanda ke gabansa zai tafi.

Sai maganar kuɗi, wadda mutane da yawa ba su fahimta ba. Shekaru da dama doka ta ƙayyade wa kowace jami'a ta rukuni na ɗaya, wato mataki mafi girma a wasannin NCAA, guraben tallafin karatu 12.6 a wasan maza, 12 a na mata. Ba mutum sha biyu ake ba wa ba, yayyanka su ake yi kamar naman layya a raba wa kusan kowa. Idan ka raba 12.6 tsakanin mutum 48, kowa zai tashi da kusan rubu'i. Sauran kashi uku iyaye ne ke biya, a makarantu irin su Duke da Notre Dame da Georgetown inda kuɗin karatu da masauki da abinci ya haura dala 80,000 a shekara. Wannan ne ya sa lakros ya daɗe yana wasan 'ya'yan masu hali, kuma shi ya sa ƙarin shekara ɗaya ba kowa ne ke iya cin moriyarta ba.

A haka ake tafiya har watan Maris na 2020. An buga wasanni biyar ko shida, Princeton da Cornell da Syracuse ba wadda aka doke ko sau ɗaya, sai korona ta sauka. Ran 11 ga Maris ƙungiyar jami'o'in Ivy League ta soke wasanninta na bazara, washegari NCAA ta soke gasar ƙasa baki ɗaya. Ran 30 ga Maris majalisar rukuni na ɗaya ta yanke hukunci: kakar 2020 ba za a lissafa wa kowa ita ba. Duk wanda ke cikin tawaga a lokacin, daga ɗan ajin ƙarshe har ɗan aji ɗaya, an mayar masa da shekararsa.

Ni dai a ganina hukuncin adalci ne, kuma ba na jin mai tausayi zai yanke wani daban. Yaro ya kwashe shekara goma sha biyar yana wannan wasa, kakarsa ta bankwana ta zo, a ce masa tattara kayanka an gama, ba tare da laifin komai ba? Amma adalcin ya zo da wani lissafi da ba a warware ba. An ƙara wa mutane shekara, ba a ƙara wa fili mutum ko ɗaya ba. Goma ne jiya, goma ne yau. An toshe bututun ta gaba, ruwa kuma bai daina shigowa ta baya ba, domin waɗanda suka gama sakandare a 2020 an riga an yi musu alkawarin gurbi tun shekara ɗaya da rabi kafin nan. Duk wanda ya ga yadda jami'o'inmu ke cushewa bayan dogon yajin aikin malamai, zubi biyu na sababbin ɗalibai su haɗu a aji ɗaya, ɗakin kwana ɗaya, ya san irin abin da nake nufi. Bambancin kawai a aji ana iya ƙaro benci, a fili ba a iyawa.

Akwai wani ɗan sharaɗi a cikin hukuncin da ya fi komai tasiri, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. NCAA ta yarda a 2021 makaranta ta zarce iyakar tallafinta saboda 'yan ajin ƙarshen da suka dawo, amma ba ta tilasta wa kowace makaranta ta biya su abin da take biya a da ba. Rangwamen na shekara ɗaya ne tak. Daga 2022 aka koma 12.6, sai dai yanzu zubi biyar ne ke neman a raba musu abin da aka yanka don zubi huɗu. Cunkoson bai watse ba sai da 'yan aji ɗaya na 2020 suka buga kakarsu ta biyar a 2024. Makaranta mai kuɗi ta riƙe taurarinta, marar kuɗi ta ce musu sai dai ku biya da kanku ko ku nemi wani wuri. Wata ma rufe shagon ta yi gaba ɗaya: jami'ar Furman da ke jihar South Carolina ta soke ƙungiyar lakros ɗinta ta maza a watan Mayu na 2020.

Inda abin ya fi ɗaukar hankali shi ne Ivy League, wato gungun tsofaffin jami'o'i takwas da suka haɗa da Harvard da Yale da Princeton da Cornell. A ƙwallon kwando ko ƙwallon Amurka ba su ne manya ba, amma a lakros suna cikin sahun gaba. Suna da al'adu biyu da suka daɗe a kai: ba sa ba da tallafin karatu don wasa, kuma ɗalibin digiri na biyu ba ya buga musu. Da NCAA ta ba da shekara, sai suka ce al'adarsu na nan. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Michael Sowers, wanda ya fi kowa tara maki a tarihin Princeton, ya karɓi digirinsa ya wuce Duke, ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a 2021. Jackson Morrill da TD Ierlan suka bar Yale suka nufi Denver. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin a 2021 sauran jami'o'i sun dawo fili, Ivy League kuwa ta sake soke gasarta. 'Yan wasanta suka tara shekara biyu a aljihu waɗanda ba su da damar kashewa a gida, in ban da wani rangwame na shekara ɗaya da aka yi wa 'yan ajin ƙarshe na 2021. Wasu sun dakatar da karatunsu na zango guda don kada su kammala kafin su buga. Sauran sun kammala, suka fita neman inda za su ƙarasa. Haka Tevlin da abokinsa ɗan baya Chris Fake suka tsinci kansu a Notre Dame. Har zubin da ya shiga a ƙarshen 2020, wanda bai ga kakar farko ba, ya gama digiri a 2024 da saura shekara ɗaya a hannu, don haka kwararar ba ta tsaya ba sai 2025.

Da a ce zamanin da ne, da yawancin waɗannan shekarun sun ruɓe a hannun masu su. Abin da ya sa suka zama haja shi ne wani kundi na intanet da NCAA ta buɗe ran 15 ga Oktoba 2018, kundin masu neman sauya sheƙa. Kafin shi, ɗan wasa sai ya nemi izinin makarantarsa kafin wata ta yi magana da shi, koci kuma yana iya hana shi zuwa wurin abokan hamayya. Yanzu kuwa yaro ya shiga ofishin da ke kula da bin doka a makarantarsa, ya ba da sanarwa a rubuce. Makaranta na da kwana biyu na aiki ta sa sunansa a kundin. Da zarar ya fito, kowane koci a faɗin ƙasar yana ganinsa a kwamfutarsa, yana da damar ɗaga waya. Kofar tana buɗewa ne a watan Mayu bayan an fitar da sunayen ƙungiyoyin da za su buga gasar ƙasa, da wata gajeriya a Disamba. A lakros dama ɗan wasa na iya sauya makaranta sau ɗaya ba tare da ya yi zaman shekara ba. A watan Afrilu na 2024, bayan wata kotun tarayya a West Virginia ta taka wa NCAA burki, aka cire wannan iyakar ma: ko sau nawa ka sauya za ka buga nan take, muddin karatunka na tafiya daidai.

Me ya sa lakros ya fi wasu wasannin jin wannan a jikinsa? Dalili na farko, babu babbar kasuwa da ke jiran ɗan wasa a waje. Tauraron ƙwallon kwando alla-alla yake ya bar makaranta don miliyoyi na jiransa. Gasar ƙwararrun lakros da ake kira PLL sai a 2019 aka fara ta, kuma yawancin masu buga ta suna da wani aikin da suke ci da shi. Saboda haka ko gwanin gwanaye ba ya gaggawa. Shekara ta biyar a wurinsa digiri na biyu ce a fannin kasuwanci daga babbar jami'a, da rangwamen kuɗi, da wata dama ta neman kofi. Wa zai ƙi? Dalili na biyu, wasan yana da gurabe na mutum ɗaya waɗanda ke iya juya kaka guda. Akwai mai tsaron gida. Akwai kuma mai kokawar ƙwallo a tsakiyar fili, wanda bayan kowane ci yake sunkuyawa da takwaransa, sanduna a ƙasa, alƙali ya hura usur su yi rububin wa zai fizge ta. Ƙungiyar da ke da gwani a nan tana iya fizge ƙwallo a kashi biyu cikin uku na wannan kokawar. Kocin da ya rasa irin wannan ba ya bukatar gina sabuwar tawaga, mutum ɗaya yake nema, kuma ga shi nan a kundi da bidiyon wasanni hamsin.

Duba jerin waɗanda suka ɗauki kofi a shekarun za ka ga sawun abin. Virginia ta 2021 tana da Charlie Bertrand da ya zo daga Merrimack. Maryland ta 2022, wadda ta ci wasa 18 ba a doke ta ba, tauraronta Logan Wisnauskas yana kakarsa ta ƙarshe da korona ta ba shi, ga Keegan Khan daga Villanova, ga Jonathan Donville daga Cornell. A wasan ƙarshe kuwa Cornell ɗin ce suka doke da 9 da 7, Donville yana fuskantar waɗanda ya yi shekaru yana atisaye da su. Notre Dame ta maimaita a 2024 da Pat Kavanagh da mai tsaron gida Liam Entenmann, dukansu a shekara ta biyar, suka lallasa Maryland 15 da 5. Rutgers, wadda ba a lissafa ta cikin manya, ta tattaro 'yan wasa daga Penn da North Carolina da Lehigh har da Wesleyan ta rukuni na uku, ta kai wasan kusa da na ƙarshe karo na farko a 2022. Da tsohuwar zuma ake magani, kocin da ya fara gane haka shi ya riga kowa.

A ɓangaren mata ma haka, ko ma fiye. Charlotte North ta bar Duke ta koma Boston College, ta kawo mata kofinta na farko a 2021 da ƙwallaye 102 a kaka ɗaya. A 2022 North Carolina na gab da ficewa a hannun Northwestern a wasan kusa da na ƙarshe, sai Sam Geiersbach, wadda ta zo daga Richmond don shekararta ta ƙarshe, ta jera ƙwallo biyar a mintunan ƙarshe ta juya wasan. Northwestern ta ɗauki kofin 2023 da mai tsaron gida Molly Laliberty, wadda aka ɗauko daga Tufts ta rukuni na uku. Izzy Scane ta Northwestern ta yi shekara shida a makaranta, ɗaya ta korona, ɗaya ta raunin gwiwa, ta zarce North a yawan ƙwallaye a 2024. Ba na rage wa ko ɗayansu komai, gwanaye ne na gaske. Amma duk wanda zai gwada alƙalumansu da na waɗanda suka buga kaka huɗu cif, ya kamata ya tuna ma'aunin ba ɗaya ba ne.

To yanzu mu juya mu dubi wanda ba a nuna shi a talabijin. A ce ga yaro ɗan gaba, ya gama sakandare a 2021, an ɗauke shi a babbar jami'a da rubu'in tallafi. Tun yana aji biyar na sakandare ya zauna da mahaifinsa suka duba tawagar: mutum uku ne a gabansa, biyu za su gama kafin ya zo, na ukun bayan shekara ɗaya. Lissafi ya nuna a shekararsa ta biyu zai fara bugawa. Ya iso ya tarar biyun nan ba su tafi ba. Ya yi haƙuri. Suka tafi, ya ɗaura ɗamara, sai a watan Yuni ya buɗe waya ya ga makarantarsa ta sanar da zuwan wani ɗan shekara 23 da ya ci ƙwallo arba'in a wata jami'a. Kullum da asuba yana ɗakin ɗaga ƙarfe, da yamma yana sanye da rigar ƙungiyar da ke kwaikwayon abokan hamayya don manya su yi atisaye a kanta. Ranar wasa ya sa hular kwano da safar hannu ya tsaya a gefen fili awa biyu, iyayensa sun yi tuƙin awa biyar suna kallon bayansa. A shekara ta uku ko ya haƙura ya riƙe karatunsa, ko shi ma ya shiga kundin, ya sauka ƙaramar makaranta ya ture wani yaron da ke jiran nasa lokacin. Turin haka yake gangarawa har ƙasa.

Shigar kundin kuma ba wasa ba ce. Da zarar ka ba da sanarwa, makarantarka na da ikon janye tallafinka a ƙarshen zango, koci ba dole ne ya karɓe ka ba idan ka dawo. Tauraro yana shiga waya na ruri. Wanda ya yi shekara biyu a benci ba shi da bidiyon da zai nuna, yana iya shiga ya ji shiru, ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Ban ga laifin koci kai tsaye ba, domin shi ma da sakamako ake auna shi. Ka sa kanka a kujerarsa. Kana da rabin tallafi guda a hannu. Ko ka ba yaro ɗan shekara 16 wanda ka gani a gasar kulob ta rani, ba ka san yadda jikinsa zai girma ba, ba ka san ko zai jure karatu ba, kuma sai bayan shekara uku ko huɗu za ka ci amfaninsa, idan bai gudu ba ke nan. Ko ka ba wanda ya riga ya yi digiri, ka ga wasansa da manya, zai zauna shekara ɗaya ya tafi kuɗinka ya dawo hannunka. Na biyun ya fi arha, ya fi tabbas. Shi ya sa koci da yawa suka koyi barin gurbi biyu ko uku da ɗan kuɗi a ajiye har watan Mayu, maimakon su rabar da komai ga 'yan sakandare.

Abin takaicin, lakros shi ne wasan da ya fara gyara harkar ɗaukar yara. A da koci na karɓar alkawarin yara 'yan shekara 13 da 14, abin har ya zama abin kunya. A watan Afrilu na 2017, bisa roƙon kocin maza da na mata, NCAA ta hana duk wata tuntuɓa sai ran 1 ga Satumba na shekarar da yaro ya shiga ajinsa na kusa da na ƙarshe a sakandare. Gyara ne mai kyau. Amma korona ta hana koci fita kallon yara ido da ido daga Maris 2020 har ƙarshen Mayu 2021. Zubin da aka buɗe wa ƙofa a Satumbar 2020 ta bidiyo aka zaɓe su, a daidai lokacin da tawagogi suka cika maƙil. Gwanayen farko ba su rasa wuri ba, ba sa taɓa rasawa. Wanda ya sha wuya shi ne na tsakiya, da wanda bai yi tsawo da wuri ba, da wanda ya fito daga jihar da ba a san ta da lakros ba. Iyaye masu hali suka nemo mafita: yaro ya maimaita aji ko ya ƙara shekara a makarantar kwana mai tsada, ya shiga jami'a yana ɗan 19 ko 20. Marar hali ba shi da wannan ƙofar.

Ƙananan jami'o'i kuwa sun zama kamar gonar reno. Kocinsu ya tono yaron da manya suka raina, ya yi shekara uku yana gyara shi, ranar da ya nuna sai babbar makaranta ta kira. A ƙwallon ƙafa ƙaramin kulob yana samun kuɗin sayarwa ya sayi wasu, a nan ko kwabo ba a biyan makarantar da ta yi renon. Duk da haka ba zan ce a rufe ƙofar ba. Koci yana barin makaranta duk ranar da ya samu albashi mafi tsoka, ba wanda ke sa shi zaman shekara. Kuma ta wannan ƙofar ce Laliberty da Bertrand, waɗanda manya ba su ɗauka ba suna 'yan 17, suka samu suka nuna an yi kuskure a kansu. 'Yancin ɗan wasa gaskiya ne, asarar ƙaramar makaranta ma gaskiya ce, ɗaya ba ta soke ɗaya.

Sai ga 2025 ta zo da abin da ya sa dole a sake tunani. Shekarar da guguwar korona ta lafa, wa ya ɗauki kofin maza? Cornell, ta Ivy League, wadda ba ta da ɗalibin digiri na biyu a fili, ba ta ba da tallafin wasa, wadda aka yi shekaru ana kwasar 'ya'yanta. Ta doke Maryland 13 da 10, kofinta na farko tun 1977. CJ Kirst ya ci shida a wasan, ya kuma gama a matsayin wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin rukuni na ɗaya na maza, a kaka huɗu, duk a riga ɗaya. Yayyensa biyu, Connor da Colin, suna cikin waɗanda suka sauya sheƙa zuwa Rutgers, don haka gida ɗaya ya ga hanyoyin biyu. Kofi ɗaya ba hujja ba ce cewa zamanin kundi ya wuce, amma ya nuna mini cewa babban abin da kundin ya sayar a shekarun nan shi ne shekaru da gogewa. Da rarar shekarun ta ƙare, tawagar da ta girma tare ta sake samun ƙafar tsayawa.

Ba a gama numfasawa ba wata dokar ta sauko. Ran 6 ga Yuni 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, inda NCAA da manyan ƙungiyoyin jami'o'i suka yarda su biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, makarantu kuma su fara raba wa 'yan wasa kuɗi kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kaso mafi tsoka na kuɗin ƙwallon Amurka da kwando zai tafi. Abin da ya shafi lakros shi ne an soke iyakar 12.6 da 12 ga makarantun da suka shiga tsarin, aka maye gurbinta da iyakar yawan mutane: 48 a tawagar maza, 38 a ta mata. A takarda makaranta na iya biya wa duka 48 ɗin cikakken karatu. A zahiri 'yan ƙalilan ne za su iya ko kusantar haka, kuma tazarar da ke tsakaninsu da saura za ta ƙara faɗi, abin da ke ƙara wa kundin jan hankali. Jami'o'in manyan ƙungiyoyin ACC da Big Ten, inda Duke da Virginia da Syracuse da Notre Dame da Maryland suke, dole ne su bi. Ivy League ta ce ba ta shiga.

A zamanin korona tawaga na iya kumbura ta haɗiye kowa, ko da benci ne. Yanzu akwai rufi. Duk wanda aka ɗauko daga kundi, wani ne zai fita ko ba za a ɗauka ba, kuma wanda zai fara tafiya shi ne yaron da ya shigo ba tallafi, yana biyan kuɗinsa don kawai ya sa rigar. Wilken ta ƙi sa hannu sai da aka yi wa waɗanda iyakar za ta kora tanadi: makaranta na iya ware sunayensu, ba za a lissafa su cikin adadin ba har su gama. Wannan kariyar ta waɗanda ke ciki ce da waɗanda aka riga aka yi wa alkawari, kuma tana ƙarewa ne da kammalawarsu. Yaran da koci zai kira a farkon watan Satumba mai zuwa ba sa cikinta. Idan aka raba 48 gida huɗu, sha biyu ne kowane zubi, kafin a cire masu jar riga da guraben da aka ajiye wa watan Mayu.